Taliyar Ranar Laraba

Kazaure

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kun sauka Babura lafiya, kun kuma fara sabawa da ruwan garin da mutanensa. Yaya Maryam da gajiyar jere? Yaya abokina Abba da amaryata Ummi? Allah Ya tsare mini ku, Ya sa wannan ƙaura ta zame muku alheri. Ummanku tana gaishe ku. Ga ta nan kusa da ni tana tsinke zogale, ta ce sai na karanta mata takardar nan kafin in ba direba, don kada in ƙara wa labari gishiri.

Na san za ka ce me ya hana Baba ya kira waya. Maganar doguwa ce, kuma na san halinka a waya: "To Baba, to Baba," kana yi hankalinka yana wani wuri. Takarda kuwa za ka iya jingine ta kusa da tukunya kana dubawa.

Ranar da kuke ɗora kaya na ji Maryam tana gaya wa Ummanku cewa a sabon asibitin da aka kai ta, wasu ranakun ba za ta tashi ba sai gab da magariba. Kai kuwa aikinka na malamin gona, la'asar tana yi ka dawo gida. A nan in ta makara, daga ɗakin Ummanku kula take fita ta iske ku, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa. A Babura babu wannan. Na dube ka kana ɗaure katifa a saman mota, sai na tuna Yayarka da ƙanwarka Sadiya duk na tsayar da su a gaban tukunya na koya musu abin da na iya, kai kuwa da ka leƙo sai in ce tafi wajen ƙwallonka. Ban yi daidai ba. To ga shi yanzu zan koya maka a rubuce, taliya ce da kifin gwangwani da madara, wadda kuka taso kuna kira taliyar Baba. Amma bari in fara gaya maka yadda aka yi na iya ta, don kai lokacin ba ka da wayo sosai.

A shekarun nan Ummanku tana aiki a ƙaramin asibiti a Roni, kullum a kan babur take zuwa ta dawo. Ni ina koyarwa a firamare nan cikin gari. Wata rana da damina, suna dawowa ita da mai babur bayan an ɗauke ruwa, babur ya zame da su a taɓo, ta dafa ƙasa da hannun dama, ta karye a tsintsiyar hannu. Aka yi mata ɗori, aka rataya hannun a wuya, aka ce kada ta ɗaga ko moɗa da shi. Yayarka ba ta isa tuƙa tuwo ba, kai ba ka daɗe da shiga makaranta ba, Sadiya kuwa ba a jima da yaye ta ba.

Kwanakin farko maƙwabta sun yi mana halacci, kwano yana shigowa safe da yamma. Amma kowa da hidimar gidansa, a hankali kwanukan suka ja baya. Ni kuma abin da hankalina ya ba ni shi ne in riƙa sayowa. Yau shinkafa da wake a bakin tasha, gobe burodi da ƙwai wajen mai shayi. Ina ganin na fita haƙƙinku ke nan. Ba a daɗe ba cikinka ya ɓaci, Sadiya kuma ta rufe baki, in aka kai mata loma sai ta kau da kai. Yarinyar da take da kumatu kamar an hura, wuyanta ya fara fitowa. Ummanku tana kallonta tana hawaye, ga hannu ba dama. Kabiru, abincin saye yana tare yunwar rana ɗaya, amma ba a riƙe gida da shi. Kada ka dogara da shi yadda na yi.

Ana cikin haka sai kakarku Iya ta aiko daga Gwiwa. Saƙonta gajere ne: in hannu ya warke, Ummanku ta zauna a gida, aikin da yake karya mutum ya bar yara da yunwa ba aiki ba ne. Ka san maganar Iya ba a mayar da ita. Ni kuwa na san yadda Ummanku ta sha wahalar karatun aikin nan, na kuma san matan Roni da suke ƙin shiga awo sai sun ga ta iso. Na ce a raina, in Iya ta zo ta tarar da yara a rame, magana ta ƙare.

Sai na ce bari in yi girki da kaina. Kuma don girman kai, da tuwo na fara. Na ce shekara nawa ina kallon ana tuƙawa, me ke ciki? Na sa sakata a ƙofar gida don kada wani ya shigo ya gan ni, na hura itace, na yi talge, na zazzaga gari gaba ɗaya. Ummanku daga bakin ƙofar ɗaki tana cewa, "Malam, kaɗan-kaɗan ake zubawa," ni kuwa ina ce mata ta bari na sani. Muciya ta kafe a tsakiyar tukunya. Sama gari ɗanye, tsakiya gudaji, ƙasa ya kama ya yi baƙi. Ƙauri ya cika unguwa.

A lokacin akwai maƙwabcinmu Bulus, mutumin Filato, ma'aikacin gyaran famfo, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Za ka iya tuna 'yarsa Ladi da kuke wasa tare. Sai na ji muryarsa ta saman katanga.

"Malam Sale, lafiya? Gobara ce ko girki?"

Na ce, "Lafiya lau, shara muke ƙonawa."

Ya ce, "Wannan sharar da dawa aka yi ta. Buɗe mini ƙofa."

Ya shigo ya leƙa tukunya, bai yi dariya ba, har yau ina gode masa da wannan. Ya ce matarsa ba ta barin shago sai dare, saboda haka yawancin ranaku shi yake dafa wa yaransa, kuma shi ma bai taɓa cin nasarar tuwo ba. "Ka bar tuwo ga masu shi, Malam. Zan nuna maka abin da za ka ɗora bayan la'asar ka sauke kafin ladan ya yi gyaran murya." Ya koma gida ya dawo da ledar taliya, gwangwanin kifin tuna, da na madara. A kan risho ya dafa ina tsaye ina kallo. A daren nan Sadiya ta buɗe baki. Ta ci, ta miƙo hannu a ƙara, ta shafa farin romon har gira.

Abin da zan ce maka a nan: in za ka fara, fara da mai sauƙi, kuma in an zo koya maka, buɗe ƙofa. Maryam ta fi ka sanin tukunya nesa ba kusa ba. In ta ce kaɗan-kaɗan, kada ka ce ka sani.

Yanzu ga yadda ake yi. Zan haɗa maka da wuraren da na yi tuntuɓe, don kallo sau ɗaya bai sa na iya ba.

Kafin ka kunna wuta, tara komai a gabanka. Taliya leda ɗaya ta ishe ku har a rage. Kifin tuna gwangwani biyu, irin wanda yake cikin mai. A Babura ba zai yi maka wuyar samu ba, masu shagunan da suke sayo kaya daga Nijar ba sa rabuwa da shi. Ka juya gwangwanin a hannunka ka duba, in ya kumbura ko ya yi tsatsa, mayar musu da abinsu. Sai madarar ruwa gwangwani ɗaya, ba mai sukari ba. In babu, dama ta gari da ruwan ɗumi ta yi kauri, kofin shayi guda. Albasa babba, tafarnuwa, attaruhu ɗaya tak, masoro, dunƙule, gishiri, cokalin fulawa, da man shanu soyayye in akwai. Yanka albasar ƙanana, ka daka tafarnuwa da attaruhu, ka buɗe gwangwanayen ka ajiye. Ni ranar da na fara yi ni kaɗai, sai da albasa ta hau wuta na tuna ban san inda wuƙar buɗe gwangwani take ba. Kafin in samo ta a ƙarƙashin gado, inda kai ka kai ta kana wasa, albasa ta zama gawayi.

Ɗora ruwa mai yawa a babbar tukunya, ka sa gishiri, ka bari ya tafasa sosai kafin ka zuba taliya. Kana zubawa ka juya ta don kada ta manne. Daga nan kuma kada ka je ko'ina. Ni na taɓa zubawa sai na ji muryar abokai a majalisar ƙofar gida ana gardamar taki, na ce bari in leƙa in faɗi tawa in dawo. Na dawo na tarar da kunu. Yayarka ta ɗebo da cokali ta ce, "Baba, sha ake yi ko ci?" Taliya ba ta jiran a gama gardama. Ka riƙa ciro sili ɗaya kana cizawa. In ta yi laushi amma da ɗan sauran ƙarfi a tsakiya, to sauke, don za ta ƙarasa nuna a cikin romo.

Kafin ka tace ta a kwando, ɗebi ruwan dahuwar nan kofi guda ka ajiye gefe. Kada ka manta. Na daɗe ina zubar da shi a rariya, ina mamakin me ya sa tawa take daskarewa a faranti kamar ɗanwaken jiya, ta Bulus kuwa tana santsi. Ashe ya faɗa mini tun ranar farko, ni ne ban saurara ba. Ruwan nan mai ɗan kauri shi yake sa romo ya kama jikin taliya.

Tana kan wuta kai kuma kana haɗa romon a wata tukunya. Tsiyaye man da yake cikin kifin a ciki, ka ƙara ɗan man shanu. Zuba albasa, wuta kaɗan, har ta yi laushi ta yi haske, ba ja ba. Sa tafarnuwa da attaruhu, ka juya har ƙamshi ya tashi. Na ce attaruhu ɗaya don na san bakinka irin nawa ne. Na taɓa zuba shi daidai son raina, kuka ci kuna kuka kuna shan ruwa, Sadiya ta yi kwana biyu tana gudun farantina. Yara kake dafa wa. Kai ka ajiye yajinka a gefe ka barbaɗa a naka.

Sai ka barbaɗa fulawa a kan albasar ka juya ta sha mai. Yanzu aka zo wurin da ya fi ba ni wahala. Rage wuta ƙasa sosai, sannan ka tsiyaya madara a hankali kana juyawa ba tsayawa. Ni mai gaggawa ne, na ga magariba ta matso sai na murɗa risho sama, har na ƙara da tumatir wai don ya yi kala. Madara ta tsinke, ta kakkarye kamar za a yi awara, ruwa gefe gudaji gefe. Ummanku ta leƙa ta ce, "Malam, yau kuma sana'a ka canza?" Ba tumatir, ba lemon tsami, ba babbar wuta. In ka ga romon ya fara kauri yana kama bayan cokali, zuba rabin ruwan da ka ajiye, ka sa dunƙule da masoro.

Gishiri kuwa, ɗanɗana tukuna. Akwai a ruwan taliya, akwai a kifi, akwai a dunƙule. Sau da yawa ba sai ka ƙara ba.

Kifi shi ne na ƙarshe, don dafaffe ne, ɗumi kawai yake so. Farfasa shi da cokali manya-manya ka zuba, kada ka dame shi ya ɓace a ciki, yara suna son su ga tsoka su yi rigima a kanta. Juye taliyar a kai, ka ɗaga ta daga ƙasa zuwa sama har ko'ina ya samu. In ta yi kauri da yawa ƙara sauran ruwan. In da lawashi yanka ka watsa, in da dafaffen zogale ko karas ma suna shiga. Sauke, a ci da zafi. In ka fara bayan ka dawo daga la'asar ka ɗan huta, za ka rufe tukunya ka yi alwala ka samu sahun gaba.

To, mu koma kan Iya. Na fara kama hannu ke nan, wata yamma ina tsugune gaban risho, madara ta shiga tukunya, sai na ji sallamarta a zaure. Ba ta aiko za ta zo ba. Kafin ta shigo na cusa wa Ummanku ludayi a hannun hagu, na yi tsalle na zauna a tabarma na buɗe littafi. Iya ta shigo da ƙwaryar fura a ka da kwalbar man shanu a hannu. Ta dubi Ummanku, hannu ɗaya a rataye ɗaya da ludayi. Ta dube ni.

Ta ce, "Sale, yarinyar mutane da karaya take maka girki, kai kana karatu?"

Ummanku ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ni kuwa hancina yana kan tukunya, na ji madara ta fara kamawa. Ban san lokacin da na yar da littafin na fizge ludayin ba, ina cewa, "Juyawa ake yi, za ta ƙone!" Shi ke nan asiri ya tonu. Ga fulawa a gaban rigata, ga tsumma a kafaɗa. Na ɓoye abin da ba laifi ba, sai ga shi na jawo wa kaina zargin abin da ya fi shi muni. In baƙo ya yi sallama kana riƙe da ludayi, amsa masa da ludayinka a hannu. Matarka da 'ya'yanka kake ciyarwa.

Iya ta sauke ƙwaryar furarta. Ta zauna aka gaisa. Rigimar ba ta tashi ba sai da aka zuba abinci ta tambayi abin da ke ciki. Da na ce kifi ne da madara, sai ta dafe ƙirji.

"Kifi da nono? Kutare za ku mayar mini da jikoki?"

Ka san mutanenmu da yawa sun taso a kan cewa haɗa kifi da nono yana ɓata fata. Ni kuma sai malantar ta motsa, na ce mata, "Iya, wannan ai camfi ne," da irin muryar da nake yi wa 'yan aji. Fuskarta ta canza. Ta ture farantin ta ce a dama mata furarta. Na ga ran mahaifiyata ya ɓaci, a gaban surukarta kuma, ga shi maganar aikin Ummanku tana hannunta.

Ummanku ce ta gyara. Ta matsa kusa da ita ta ce, "Iya, ni ma haka na taso ina ji a gidanmu. Amma a wajen aiki mun ga masu wannan ciwo, an kuma nuna mana ba daga abinci yake zuwa ba. Ga Sadiya nan, ta ƙi komai sai wannan. Ki zauna mana kwana biyu ki duba ta da idonki. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, an daina."

Iya ta zauna, ba kwana biyu ba, har sai da aka kwance ɗori. Ta karɓi tuƙin tuwo, muka huta. Amma Sadiya in ta ga tuwo sai ta nuna risho ta ce ta Baba take so, dole in tashi. Kullum da safe Iya ce take muku wanka. Sai ta fito da ku rana ta jujjuya ku, ta duba bayan kunne, ta buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kai har kuka kake yi kana cewa sanyi. Ba ta samu tabo ko ɗaya ba. Abin da ta samu shi ne kumatun Sadiya da suke dawowa.

Ranar da za ta koma Gwiwa, ta riga ta yafa mayafi, na ɗauko mata kaya, sai ta tsaya a tsakar gida ta ce wa Ummanku, "Ke, in za ki koma aikin naki, ki nemi dattijon mai babur, ki rabu da yaran nan masu gudu." Ummanku ta durƙusa ta yi mata godiya. Iya ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma gishirinka yana yawa." Ashe tana ɗanɗanawa in mun ba da baya. Har ta rasu, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa yarda ta ci a gabana ba, amma duk zuwan da za ta yi sai ta kawo kwalbar man shanu ta ce na yaran nan ne.

Za ka gamu da masu irin tunanin Iya a Babura, wataƙila ma cikin dangin Maryam in sun zo. Kada ka yi musu irin amsata. Tsoron da suke ji don ƙaunar yaran ne. Yi musu bayani a hankali, in ba su gamsu ba a dafa musu abin da suke so.

Da hannun Ummanku ya warke ta koma aiki, sai na rataye ludayi. A ganina larura ce ta wuce. Kuma ba zan ɓoye maka ba, tsokanar majalisa ta fara damuna, don labari ya fita, in na doso sai a ce ga Malam kuku nan, yau me aka dafa. Na koma zamana na da. Ranar Laraba ita ce ranar awon masu ciki a asibitinsu, ba ta dawowa sai rana ta yi ja. Wata Laraba ta shigo ko hijabi ba ta cire ba, ta zauna a kujera gaban murhu tana murza tsintsiyar hannun nan, ta kasa ɗaga tukunya. Ku kuma kun kewaye ta kuna kukan yunwa. Ni ina tabarma da rediyo. Sai ka zo ka tsaya a kaina, da ɗan wandonka na makaranta, ka ce, "Baba, ai ka iya."

Na kashe rediyon na tashi. Tun daga ran nan Laraba ta zama tawa, har Ummanku ta yi ritaya, har bayan nan. 'Yan majalisa kuwa da suka ga na daina jin haushi, har ina ce musu su zo da faranti, sai abin ya gundure su. Ɗaya daga cikinsu ma, ba zan faɗi sunansa ba don kana gaishe shi, ya zo mini a ɓoye lokacin da matarsa ta haihu ya ce in nuna masa. Kai kada ka jira sai an karye ko an kwanta ciwo. Ka tambayi Maryam ranakun da aiki ya fi yi mata nauyi, ka ce mata waɗannan naka ne, ta fita da safe hankalinta a kwance.

Ummanku ta ce lalle in rubuta wannan, in ba haka ba ba za ta bari takardar ta fita ba. Wai shekarun farko in na yi girki, sai ta fi gajiya da ranar da ita ta yi. Gaskiyarta. Nakan bar tukwane biyu da kwando da ɓawon albasa da gwangwanaye a warwatse, in koma tabarma in miƙe ƙafa ina jiran a ce sannu da aiki. In ba a ce ya yi daɗi ba har tambaya nake yi. Ita da take dafawa sauran ranakun mako ba ta taɓa tambayata ba. Saboda haka kana saukewa ka jiƙa tukunyar madara, don in ta bushe sai an kankare. Gwangwanin kifi bakinsa kaifi ne da shi, matse shi ka jefar inda hannun Abba ba zai kai ba. In kifi ya ragu juye shi a kwano mai murfi, kada ka bar shi a gwangwani. Abincin kuma da madara a ciki, ga zafin Babura, kada a ajiye shi ya wuni. In Maryam ta ce ya yi daɗi, ka gode. In ba ta ce ba, gajiya ce, zuba mata ruwan wanka. Kuma kada ka mayar da taliyar nan abincin kullum don ka ga ka iya, su Abba jikokin masu tuwo ne. Ka ja Abba kusa da kai yana miƙo maka albasa, kada ka kore shi ƙwallo.

Na farko da za ka yi ba lalle ya yi kyau ba. In taliyar ta caɓe ku ci da cokali, in madara ta tsinke ku ci a haka, ba ta cutarwa, muni kawai gare ta. Ka kira ni ka gaya mini gaskiyar yadda ta kasance, in ji ko ka fi ni ɓarna.

Jiya na shiga na dafa. Hannuna ya saba, na juye leda guda kamar kullum, na jera faranti har da ƙananan nan biyu na roba. Sai da na ɗebo zan zuba wa Ummi na tuna. Muka zauna ni da Ummanku da tukunya cike a tsakaninmu, gidan shiru, ba mai rigima a kan tsokar kifi. Ta ce, "Malam, sai ka koyi dafa na mutum biyu." Na ce mata wannan kam ban shirya koyonsa ba tukuna. Muka zuba sauran a kwano aka kai wa maƙwabta.

Allah Ya yi muku albarka, kai da Maryam. Allah Ya kiyaye ta a hanyar aikinta, Ya kiyaye ka a kan babur ɗinka tsakanin gonaki. Ya raya Abba da Ummi, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari, Ya sa kada wuta ta mutu a murhunku. Ka riƙe sallah a kan lokaci. In an yi hutu ku zo mana, wannan karon kai za ka dafa, ni ina tabarma.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Malam Sale